Ina zan samu hanyar tattaki mai sauƙi a ƙauyukan kewayen Kano?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci mazaunin cikin birnin Kano. Likita ya umarce shi da yawan tafiya a ƙasa saboda hawan jini, amma hayaƙin adaidaita sahu da cunkoson titi sun sa abin ya fita daga ransa. Yana so a nuna masa hanyoyi masu sauƙi a ƙauyukan da ke kusa, inda zai riƙa zuwa ranar Asabar ko Lahadi tare da maiɗakinsa da yara.

Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni aikin malamin gona na yi a ƙauyukan nan har na ajiye aiki, kuma rabin aikin namu a ƙafa ake yinsa, don haka tambayarka ta faɗo inda na sani.

Abu na farko da za ka sa a ranka shi ne, a nan ba mu da hanyar da hukuma ta ware don masu yawon shan iska, mai allo da kibiya da lambar kilomita irin wadda ake gani a hotunan ƙasashen Turai. Hanyoyin ƙafa kuwa muna da su fiye da ƙima, sai dai kowace tana da masu ita kuma tana da aikinta. Akwai turbar da ke kai manomi gonarsa, akwai wadda mata da yara ke bi zuwa rijiya, akwai ta 'yan kasuwa, akwai kuma burtali, hanyar shanu da ke ratsa tsakanin gonaki. Duk wanda ya fahimci cewa a kan hanyar neman abincin wasu yake takawa, ya kuma shiga ta hannun masu wurin, to ya samu filin tattakin da ba zai ƙure shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya shiga kai tsaye kuwa, ko bai ɓata ba zai sha tambaya.

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, kamar tafiyar kilomita talatin zuwa kowace kusurwa, tana da wata siffa da ba kowane gari ke da ita ba. Babu daji a cikinta. Gona ce ke bin gona, unguwa na hango unguwa, kuma ana noma wurin kowace shekara ba a barinsa ya huta, saboda takin gida da na birni da ake zuba masa tun kaka da kakanni. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a ke da yawa haka amma itatuwa ba su ƙare ba, domin kowace bishiya a gona tana da mai ita. Ga mai tattaki, amfanin wannan a fili yake: ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, inuwa ba ta yankewa, kuma da wuya ka yi tafiyar minti ashirin ba ka ci karo da gida ko mutum ba.

Idan ka ce in zaɓa maka wuri ɗaya tak don farawa, musamman daga watan Disamba zuwa Fabrairu, zan ce ka nufi Kura da Kadawa. Ka bi titin Zariya ta Na'ibawa, ka haye gadar Tamburawa, bayan kimanin kilomita 30 daga birni kana Kura. Daga nan zuwa ɓangaren Garun Malam da Bunkure duk filin noman rani ne da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kusan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Ruwan yana tahowa ta manyan hanyoyin ruwa da manoma ke kira kanal, kuma a gefen kowace babbar kanal akwai hanyar burji da aka yi don motocin masu kula da ruwa. Wannan hanyar gefen ita nake nufi. Ba ta da hawa ba ta da gangara, ƙasarta a daddaɓe take, kuma ba yadda za a yi ka ɓata, tunda ruwan ne jagoranka: ka bi shi minti ashirin, ka juyo ka bi shi ka dawo inda ka ajiye mota.

Abin da ido zai gani a wurin ma magani ne. A lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fari fat da ƙurar hunturu, nan kore ne shar: alkama, tumatir, albasa, masara, ga balbela na bin masu ban ruwa. Ka tsaya ka kalli yadda manomi ke jan ruwa daga ƙaramar kanal zuwa fangalinsa. Zai tsoma lanƙwasasshen bututun roba cikin ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ja shi da sauri ya kwantar ta kan gaɓa, sai ruwa ya kama zuba da kansa ba inji ba famfo. Yara sukan tsaya su yi ta kallo, kuma yawancin manoman in ka yi musu sannu da aiki za su bar yaro ya gwada. Da ka gama, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana bakin titi, sai ka yi wa gida tsaraba.

Amma zan ja kunnenka a kan abu biyu game da kanal, kuma da gaske nake. Kada yaro ya kusanci bakin babbar kanal. Gefenta a gangare yake, gansakuka ta sa shi santsi, ruwan kuma yana gudu fiye da yadda ido ke nunawa, wanda ya zame da wuya ya iya fitowa da kansa. Na biyu, kada kowa ya tsoma ƙafa ko ya yi alwala a ruwan da ke kwance cikin ƙananan hanyoyin ruwa. Akwai ƙananan dodon-koɗi da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ta fata take shiga jiki, ba sai an sha ba. Za ka ga yaran ƙauye suna wanka a ciki, kada hakan ya ruɗe ka, da yawansu suna fama da fitsarin jini. Ka zo da butarka da ruwanka daga gida.

Wuri na biyu, wanda ni a raina ya fi mini daɗi ko da yake ya fi buƙatar ɗan jagora, shi ne burtalolin da ke tsakanin ƙauyukan arewa da gabas: ɓangaren Jogana da Gezawa a kan titin Haɗeja, da Minjibir, da Ungogo, da kuma Dawakin Tofa idan ka wuce Dawanau. Ta yamma ma haka, in ka bi titin Gwarzo ka wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Janguza zuwa Tofa da Rimin Gado. Lokacin waɗannan wurare shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta tsane, zafi ya karye, hazo bai riga ya sauko ba.

Burtali na gaske za ka gane shi da shingensa. Hagu da dama an dasa aguwa ko bini-da-zugu don kada shanu su faɗa gona, tsakiya kuma rairayi ne da sawun kofato. Yakan taso daga bakin gari ya nufi rafi ko makiyaya, shi ya sa bin sa ke da sauƙi, kana da tabbacin ƙarshensa ruwa ne ko gari. A kaka za ka taka tsakanin dawa da ta fi ka tsayi, kawunanta sun sunkuya, ga waɗanda suka riga suka girbe gero sun jera dammuna. Ka ɗaga kai ka duba rassan itatuwa, za ka ga an naɗe harawar wake an ɗora a can sama inda akuya ba za ta kai ba, ajiyar abincin dabbobi ce ta bazara. In ka yi sammako za ka haɗu da masu jakuna da mangala, ko masu amalanken shanu, kowa zai yi maka sallama kafin ka yi masa.

Ka koya wa yaranka itatuwan, domin yaron birni yanzu yana shan miyar kuka bai san uwar da ta haife ta ba. Ga kuka, ga tsamiya, ga ɗorawa wadda daga kalwarta ake yin daddawa, ga kanya da magarya da ke nuna lokacin sanyi, ga goruba da giginya a wuraren da ruwa ke kusa, ga rimi da ake hangowa tun daga nesa. Wanda na fi so a tsaya a yi wa yara bayani shi ne gawo. Shi yana zubar da ganyensa da damina lokacin da kowace bishiya ke tohowa, sannan ya yi ganye da rani lokacin da saura suka kaɗe. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobin da suka kwana a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa su ma sun bar nasu takin. Ka duba geron da ke ƙarƙashin gawo ka gwada da na nesa da shi, bambancin ba ya buƙatar malamin gona. Shi ya sa manomin kirki ba ya sare shi. Ka kuma gaya wa yaran kada su ci 'ya'yan bini-da-zugu, suna kama da gyaɗa a baki amma guba ne, suna sa amai da zawo mai tsanani.

Akwai abin da mai hawan jini ya kamata ya sani game da wannan ɓangare. Ƙasar arewa da gabashin Kano jigawa ce, rairayi ya yi yawa, kuma tafiyar kilomita uku a cikin rairayi ta fi ta kilomita biyar a kan burji cin ƙarfi. Ka riƙa bin gefen burtali inda ciyawa ta riƙe ƙasa, ka kuma fita da sassafe lokacin da raɓa ta ɗan danne rairayin.

Bakin madatsun ruwa ma ana tattaki, irin su Watari a Bagwai, da tafkin Bagauda, da Tiga kanta, har duwatsun Rano da Rurum ga mai son kallo. Suna da kyau, amma sun fi nisa, sun fi dacewa da fitar yini guda bayan ƙafarka ta saba. Madatsar Wasai a Minjibir tana kusa, sai dai ruwan Jakara ne ke zuba a cikinta da duk abin da ya kwaso daga birni, don haka a yi kallo daga tudu. Dutsen Dala da Goron Dutse kuwa ba na sa su a lissafin masu sauƙi, hawa ne, kuma mai hawan jini ya tambayi likitansa kafin ya gwada.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci, wato yadda za ka shiga gari. Ranar farko kada ka ajiye mota a bakin gona ka kama tafiya. Ka shiga cikin gari, ka tsaya a majalisar dattawa ko ƙofar masallaci, ka yi sallama, ka ce a kai ka wurin mai unguwa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ranka ya daɗe, ka gaya masa sunanka da unguwarka a birni, ka ce likita ne ya sa ka tafiyar ƙafa kuma kana neman izinin zagaya bayan gari da iyalinka. Ɗan goro ko abin sayen goro ya isa. Abin da zai biyo baya na san shi: zai yi maka addu'ar samun lafiya, ya kira wani yaro ya ce ya raka ka, ya kuma nuna maka inda za ka ajiye mota a ƙofar gidansa. Daga ranar ka zama baƙon mai unguwa, duk wanda ya gan ka a gona ya san da zamanka. Yaron da ya raka ka ka sallame shi da abin kirki, shi ne zai nuna maka inda maƙabarta take don kada ku ratsa, da gonar da mai ita ba ya son a bi, da rugar da ke da karnuka.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne halin da ƙauyukan kusa da birni ke ciki. Gonaki da yawa sun koma fulotai, kuma mutane sun sha ganin baƙi sun sauko daga mota suna nune-nune, bayan wata biyu sai a ga an kafa duwatsun awo. Saboda haka mutumin birni da ke tsaye a gona yana ɗaga waya yana ɗaukar hoto, a idon manomi ko dillalin fili ne ko ma'aikacin awo. Ga kuma matsalar tsaro da ta sa kowane gari ke sa ido a kan baƙuwar fuska, kuma suna da gaskiya. Minti goma a zauren mai unguwa yana kawar da duk wannan zargi.

Sauran ladubban ka san su, tunda kai ma ɗan gida ne. Ba a taka kunya, ko da an girbe, a bi iyakar gona. Ba a tsinkar mangwaro ko rake ko tumatir sai an ba ka, kuma za a ba ka. Ba a ɗaukar hoton mata a bakin rijiya. Gajeren wando na 'yan motsa jiki a bar shi a gida, doguwar riga marar nauyi da wando sun wadatar, Hajiya kuma hijabin da bai kai ƙasa ba zai fi mata, saboda ƙarangiya. In kun haɗu da garke a burtali, ku raɓe gefe ɗaya ku tsaya cik har su wuce, ku riƙe hannun yara, kada a ɗaga sanda ko a yi ihu, sannan a gaida makiyayin. Hanyar tasu ce tun asali.

Game da tsawon tafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Ka ga ke nan fitar Asabar kaɗai ba za ta cika umarnin likita ba, sai ka haɗa da ɗan zagayen unguwa bayan sallar Asuba a sauran ranaku. Mutum mai matsakaicin sauri yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya a kan hanya mai kyau, da yara kuwa ka lissafa 3. Ka fara da minti arba'in, ashirin tafiya, ashirin dawowa, ka riƙa ƙarawa a hankali. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne ka iya hira da Hajiya kana tafe ba tare da numfashinka ya sarƙe ba. In ka ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya ya rikice, ka zauna a inuwa nan take, tafiyar ranar ta ƙare, kuma likita ya ji labari. Ka sha maganinka kamar kullum kafin ka fito.

Ka bar gida da an sallame Asuba, ka kasance a kan turba kafin bakwai, ka gama kafin hantsi ya yi zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, a lokacin in ba za ka iya gamawa kafin ƙarfe tara ba gara ka haƙura. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layinku, mai asma ko tari ya zauna a gida. Da azumi kuma a taƙaita, a mayar da ita bayan La'asar kusa da gida. Damina tana da kyawunta, shamuwa ta zo, ƙasa ta yi kore, amma a watan Agusta fadamu na cika, laka na kama takalmi, rafin da ka tsallake da safe yana iya cikowa kafin ka dawo, don haka a tsaya kan tudu.

Takalmi rufaffe da safa dole ne, silifa ba ta yi, saboda ƙaya da tsidau da kunama. Kowa ya riƙe gorar ruwansa, a sa dabino a aljihu, a ɗauki sanda. Maganar maciji kuwa, a kan turbar da ake bi kullum da wuya ka gamu da shi, inda yake fakewa shi ne ƙarƙashin tarin kara da dammuna da cikin ciyawa mai duhu, musamman lokacin girbi. A hana yara tura hannu cikin rami ko ɗaga tarin kara. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure wurin da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti inda ake da allurar dafin maciji, ba tare da an tsaya gwada na gida ba.

Kan tsaro, ka tsaya cikin ƙauyukan da ke kusa da birni da manyan tituna. Dajin Falgore da ƙauyukan da ke kan iyaka da Katsina ba wurin fita da iyali ba ne sai ka samu tabbaci daga wanda ke zaune a can a wannan makon, domin labarin wata uku da suka wuce ba ya aiki. Ko a kusa ma, ka gaya wa wani a gida garin da ka nufa da lokacin dawowarka, ka karɓi lambar mai unguwa ko ta yaron da ke raka ka, ka kira kafin ka taso. Wannan kiran yana da wani amfanin: hanyar da ka bi bara kana iya tarar da an ja mata katanga bana, ko manomi ya cinye rabin burtalin da garma, kuma yaron zai gaya maka ta inda aka koma bi tun kafin ka ƙona mai.